Wane Aji Ya Dace da Yaro?

Idan damina ta fara ja da baya, watan Satumba ya kama, makarantun boko suka buɗe domin sabuwar shekarar karatu, akwai wata muhawara da takan tashi a ofishin kusan kowane shugaban makarantar nazare da firamare a biranenmu, tun daga Kano da Kaduna har Sakkwato da Bauci, wadda ko da yake ba a buga ta a jarida, ba a kuma kai ta gaban alƙali, hukuncin da ake yankewa a cikinta yakan bi yaro har ya yi gemu. Uba ne zai zo riƙe da hannun ɗan shekara huɗu, yana roƙon a tsallake da shi ajin nazare na ƙarshe a sa shi aji ɗaya na firamare, hujjarsa kuwa ita ce yaron ya iya ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci, ya haddace baƙaƙen boko daga farko har ƙarshe, ga shi kuma ɗan maƙwabta, wanda bai girme shi da ko wata uku ba, tuni aka sa shi can. Shugaban makaranta, da yake ya san in ya ƙi akwai wata makarantar a bayan layi da za ta karɓa hannu bibbiyu, sai ya dubi yaron, ya dubi uban, ya ce, "To, Alhaji, tun da haka kuke so, bari mu gwada shi mu gani." Galibi kuwa daga wannan gwaji ba a komowa.

Ni dai ra'ayina a kan wannan mas'ala, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja gwargwadon iko, shi ne ajin da ya dace da yaro shi ne wanda zai zauna a cikinsa yana fahimtar abin da ake faɗa, yana iya yin abin da aka sa shi bayan ɗan ƙoƙari kaɗan, yana kuma tare da abokan wasa waɗanda ba su fi ƙarfinsa ba. Kuma a biranenmu na yau, inda makarantun kuɗi suka yawaita, ɓarnar da gaggawa ke yi ta fi wadda jinkiri ke yi nesa ba kusa ba, alhali a karkara al'amarin a juye yake.

Waɗanda suka shiga makaranta a zamanin En'e, ko kuwa a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa wanda aka fi sani da UPE, za su tuna yadda ake tantance yara a lokacin da takardar haihuwa ta yi ƙaranci. Akan jera su a inuwa, hedimasta ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakiyar kansa, ya kamo kunnen hagu. Wanda yatsunsa suka taɓa kunne sai a rubuta sunansa a rajista. Wanda suka gaza, komai miƙewar da zai yi da karkatar da wuya, sai a ce wa ubansa ya koma da shi gida sai baɗi. Wani malamin ma yakan ce yaro ya buɗe baki, ya duba ko ya fara famfara. Mutanen yanzu sukan yi wa wannan dariya, amma lalle ba wauta ba ce, domin kuwa jariri kansa babba ne in an gwada da jikinsa, hannuwansa gajeru, kuma sai wajen shekara biyar zuwa bakwai gaɓoɓinsa ke yin tsawon da hannu zai iya ƙetare kai, haƙoran nono kuma wajen shekara shida suke fara zuba. Watau malaman nan shekara shida suke nema a jikin yaro, tun da babu ita a takarda. Aibin gwajin kawai shi ne tsawon hannu yake aunawa, saboda haka yaron da yunwa ta tsumburar sai ya faɗi ko da ya kai bakwai, dogo kuma ya haye ko da bai cika biyar ba.

Shekara shidan nan ita ce har yau ƙa'idar hukuma. Tsarin ilmi na ƙasa, wanda aka fara bugawa a 1977 aka kuma yi ta yi masa gyara, ya ajiye shiga aji ɗaya na firamare a kan shekara shida. Dokar 2004 wadda ta kafa hukumar UBEC ta shigar da renon ƙananan yara cikin abubuwan da gwamnati za ta kula da su. Bugun 2013 kuma ya ƙara shekara guda ta share fage ga 'yan shekara biyar kafin su shiga firamare. Abin da ke ƙasa da wannan kuwa galibinsa a hannun masu makarantun kuɗi yake, kowa da irin tsarinsa, wani nazarensa aji biyu, wani uku, wani ma ya ƙara ajin 'yan shekara biyu a ƙarƙashinsu. Don haka sunan aji ba ya gaya wa uba komai, domin nazare biyu a wannan makaranta yana iya zama na 'yan shekara huɗu, a waccan kuma na 'yan uku. Abin tambaya shi ne shekarun yaran da ke zaune a cikinsa da irin aikin da ake ba su.

In muka leƙa wasu ƙasashe za mu ga babu ittifaƙi a kan shekarar farawa. A Ingila yara sukan shiga makaranta a watan Satumba da ke biye da cikarsu shekara huɗu. A Finlan sai sun kai bakwai suke shiga aji ɗaya, bayan shekara guda ta share fage, kuma ba a taɓa jin an ce 'ya'yansu sun zama koma baya a karatu ba. Faransa ta wajabta makarantar ƙananan yara tun daga shekara uku a 2019, amma koyar da karatu gadan-gadan sai a shekara shida. Gana kuwa tun 2007 ta sa shekara biyu na share fage, ga 'yan huɗu da 'yan biyar, cikin ilmin tushe. Wani mai bincike, Sebastian Suggate, da abokan aikinsa sun kwatanta yara a ƙasar Niyu Zilan, waɗanda aka fara koya wa karatu suna da shekara biyar da waɗanda aka jinkirta musu sai bakwai, suka tarar kafin su kai shekara goma sha ɗaya na bayan sun kamo na gaban, har ma sun ɗan ɗara su wajen fahimtar ma'anar abin da suka karanta. Wannan bai nuna jinkiri ya fi ba a kowane hali, amma ya isa ya kwantar da hankalin uban da ke tsoron in ɗansa bai iya karatu yana ɗan shekara huɗu ba, shi ke nan an wuce shi har abada.

Abin sha'awa shi ne malamanmu na hadisi sun daɗe da tattauna wannan mas'ala, ta fuskar da ta shafe su, watau yaushe ne jin yaro yake inganta har a karɓi ruwayarsa in ya girma. Imamu Buhari ya ƙulla babi a kan haka a cikin Sahihinsa, ya kawo labarin Mahmudu ɗan Rabi'u, wanda ya riƙe a ransa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fesa masa ruwan guga a fuska yana ɗan shekara biyar. Daga nan ne da yawa daga cikin malamai suka ɗauki shekara biyar a matsayin iyaka. Amma waɗansu ba su yarda a tsaya ga lissafin shekaru ba. An ruwaito Musa ɗan Haruna ya ajiye ma'aunin a kan yaro ya iya bambance saniya da jaki, Imamu Ahmad ya ajiye shi a kan hankalta da kiyayewa, Ibnu Salahi kuma, da ya zo ya tace maganganun magabata, ya rinjayar da cewa a duba kowane yaro a kan kansa: in yana fahimtar magana yana kuma mayar da jawabi, jinsa ya inganta ko bai kai biyar ba, in kuwa ba haka ba, bai inganta ba ko ya wuce. Wannan shi ne tamyizi, kuma ban san wani ma'auni na zamani da ya fi shi kusa da gaskiyar al'amarin ba. Sa'an nan ga umurnin da aka yi na a fara horon yara da salla suna da shekara bakwai, wanda ya kamata ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani: in ginshiƙin addini an yi wa yaro rangwame a kansa har zuwa bakwai, da wane dalili za a tsananta wa ɗan shekara uku a kan rubutun boko?

Makarantar allo ma, wadda muka gada kaka da kakanni, tana da hikima a nan wadda makarantar boko ba ta da ita. Yaro yakan fara bin yayyensa ne tun yana ɗan ƙarami, ya zauna a gefe, ya yi barci in barci ya zo, ya ji Fatiha da gajerun surori suna shiga kunnensa har bakinsa ya kama, ba tare da kowa ya ce masa ya ci ko ya faɗi ba. Sai malam ya ga ya natsu sa'an nan a shiga babbaƙu, daga nan farfaru, kuma ba a wanke masa allo a yi masa ƙari sai ya biya na jiya daidai. Yara ashirin suna zaune a zaure ɗaya, amma kowa da inda allonsa ya tsaya, ba wanda ake ja don ya kamo wani, ba wanda ake tsarewa don ya jira wani. Makarantar boko kuwa aji take tafiya da shi gaba ɗaya, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya, zango uku a shekara, wanda ya fahimta da wanda bai fahimta ba duk a tura su gaba. Shi ya sa zaɓen aji ya zama babban al'amari a boko, domin yaron da aka sa a inda ya fi ƙarfinsa ba shi da malamin da zai tsaya a kan allonsa shi kaɗai.

To, da me za a gane yaro ya kai? Abu na farko, kuma mafi girma, shi ne a rarrabe tsakanin hadda da fahimta, domin ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro tana ɗaukar sauti da sauri ƙwarai, har ta ruɗi iyaye. Yaron da ke rera ɗaya zuwa ɗari, a zuba masa dabino bakwai a faranti a ce ya ba ƙanwarsa uku, a tambaye shi nawa suka rage; sau da yawa sai ka ga ya tsaya yana kallon bakinka, domin shi ƙirga waƙa ce a wurinsa, bai san kowace lamba tana da adadin da take nufi ba. Uwa kuma tana da hanyar gwaji a cikin gidanta wadda ta fi ta kowace makaranta, watau aike. Ta ce, "Ummi, shiga ɗaki ki ɗauko mini mafici a kan gado, ki rufo ƙofa, sa'an nan ki kira mini yayanki." In yarinya ta riƙe saƙo uku ɗin nan ta cika su a jere, ba ta tsaya wasa da kyanwa a hanya ta manta ba, to tana da abin da aji ɗaya ke bukata fiye da baƙaƙe, domin zaman aji dukkansa sauraron umurni ne da riƙe shi da aikata shi. Haka nan a yi mata tatsuniya da dare, washegari a ce ta maimaita. A lura ko ta san abin da ya faru da farko da abin da ya biyo baya, ko tana iya faɗin dalilin da ya sa Gizo ya yi abin da ya yi, ko kuma tana yin tambaya in ba ta gane ba.

Bayan wannan sai kula da kai, wanda iyaye maza sukan raina, alhali malaman aji sun san shi ne ke raba yaron da ke jin daɗin makaranta da wanda ke ƙin ta. Yaro ya iya faɗin yana jin fitsari tun kafin ya matse shi, ya iya zuwa ban-ɗaki ya yi tsarki da buta ya mai da wandonsa, ya buɗe kwanon abincinsa ya ci da kansa, ya san takalminsa a cikin na jama'a, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu. A ajin nazare akwai mai reno da ke taimaka wa yara a kan waɗannan. A firamare babu, kuma yaron da ya yi fitsari a wando a gaban 'yan aji waɗanda suka girme shi da shekara biyu, suka sa masa suna a kan haka, ya ɗauki wani nauyi a zuciyarsa wanda sakamakon jarrabawa ba ya nunawa. Kukan rabuwa da uwa a makon farko ba abin damuwa ba ne, kusan kowane yaro yana yi. Abin lura shi ne in an yi wata guda ana abu ɗaya, ko yaro ya fara ciwon ciki kowace safiya ban da Asabar da Lahadi, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina.

Sai kuma hannu. Na sha ganin littafin aikin gida na 'yan shekara uku, an cika shafi da layuka an ce su rubuta ɗaya zuwa hamsin, uwa ta zaunar da yaro bayan magariba, ta dafe hannunsa a cikin nata tana jan fensir, shi yana kuka yana gyangyaɗi, ita tana faɗa, gobe malama ta sa jan biro ta ba da maki a kan rubutun da kowa ya san ba nasa ba ne. Alhali kuwa ƙananan ƙasusuwan tsintsiyar hannu guringuntsi ne a lokacin haihuwa, ɗaya bayan ɗaya suke ƙanƙara a tsawon shekarun ƙuruciya, kuma masana girman yara sun daɗe da lura cewa zane yana zuwa ne bisa tadriji: wajen shekara biyu yaro yakan kwaikwayi miƙaƙƙen layi, wajen uku da'ira, wajen huɗu gicciye, daga nan murabba'i, alwatika kuwa sai wajen biyar zuwa shida, saboda karkataccen layi shi ne mafi wuya. Wanda bai iya zana alwatika ba, yaya za a yi ya rubuta A da K da M da kyau? Abin da ke ƙarfafa yatsu a wannan shekaru shi ne ɓare gyaɗa, da zura duwatsun ado a zare, da gina ɗaki da taɓo, da zane a ƙasa da tsinke, da ɓalle maɓallin riga da mayar da shi, waɗanda duk akwai su a gida ba da ko kwabo ba. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar barcin awa goma zuwa goma sha uku a yini da dare, da motsa jiki na awa uku. Sai a auna wannan da yaron da ake tasa da asuba don motar makaranta, ya dawo ya wuce Islamiyya, ya dawo ya tarar da aikin gida.

Akwai kuma wata illa da ke samun ƙaramin cikin aji, wadda bincike ya tabbatar. A jihohi da yawa na Amurka, yaro ba ya shiga ajin share fage sai ya cika shekara biyar kafin ranar 1 ga Satumba, saboda haka wanda aka haifa a Agusta shi ne autan aji, na Satumba kuma babbansu, tsakaninsu kusan shekara guda. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun duba bayanan yara fiye da 400,000, suka buga sakamakon a 2018, inda suka tarar 'yan Agusta sun fi 'yan Satumba yawan waɗanda likitoci suka ce suna da larurar rashin natsuwa da ake kira ADHD da kimanin kashi ɗaya cikin uku, alhali a jihohin da ba su bin wannan rana ba a ga irin wannan bambanci ba. Ma'ana, ƙuruciya ce kawai aka ɗauka ciwo. In tazarar wata goma sha ɗaya ta iya ruɗin likita, ina ga ajinmu, inda ɗan shekara huɗu ke zaune benci ɗaya da ɗan bakwai? Mu a nan ba magani ake rubuta masa ba, daƙiƙi ake kiransa, ko mai ƙiriniya, a bi shi da bulala. Ibnu Haldun ya yi dogon bayani a Muƙaddimarsa cewa tsanantawa ga ƙananan almajirai tana gadar musu da kasala da ƙarya da yaudara, kuma ɗora wa mai koyo abin da ya fi ƙarfin fahimtarsa yana sa ya ƙi ilmin gaba ɗaya. Imamu Gazali ma a Ihya'u ya yi wasiyya a bar yaro ya yi wasa bayan an tashi daga makaranta, ya kuma yi gargaɗi cewa hana shi wasa yana dusashe masa basira har ya shiga neman dabarar gudu. Yaron da aka yi wa haka ya yi nunar rana, a ido ya kai, a ciki da saura.

Ga kuma lissafin ƙarshe, wanda iyaye ba su cika yinsa ba sai bakin alƙalami ya bushe. Wanda ya shiga aji ɗaya yana da shekara shida, ya yi shida a firamare, shida a sakandare, zai gama yana da goma sha takwas. Wanda aka sa yana da huɗu, aka kuma fitar da shi daga aji biyar ya zauna jarrabawar shiga sakandare, kamar yadda ya zama al'ada a makarantun kuɗi har aji shida ya kusa ɓacewa a cikinsu, zai shiga sakandare yana da tara, wataƙila ma ta kwana, ya gama yana da goma sha biyar. A 2024 ministan ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce ba za a shiga jami'a ba sai an cika goma sha takwas. Bayan an yi ta ce-ce-ku-ce, wanda ya gaje shi, Dakta Tunji Alausa, ya mayar da iyakar goma sha shida, hukumar JAMB kuma ta tsaya a kan haka, ban da 'yan ƙalilan masu hazaƙa ta musamman da ake yi wa tantancewa daban. Shekarar da aka yi ruwa a jallo aka ƙwato a nazare, sai ga shi an zo an biya ta da zaman gida, a lokacin da zaman banza ya fi zama haɗari ga matashi. Sauri ya haifi nawa.

Ba na cewa iyayen da ke gaggawa ba su da uzuri. Kuɗin makaranta nauyi ne, kuma wanda ke da 'ya'ya biyar in ya rage shekara ɗaya a kan kowanne ya rage abu mai yawa. Uwar da ke fita aiki ko kasuwa tana bukatar inda za ta ajiye ɗanta cikin aminci. Wasu kuma, musamman game da 'ya'ya mata, suna so ne yarinya ta gama sakandare kafin maganar aure ta taso, kuma wannan niyya ce ta alheri wadda ban ga mai zargin ta ba. Haka nan akwai yara masu baiwa ta haƙiƙa, waɗanda in an tsare su a ajin da suka wuce sai gundura ta mai da su fitinannu. Amma irin waɗannan kaɗan ne, kuma alamarsu ba ta ɓuya: su ne ke neman karatu da kansu, suna damun manya da tambaya, suna kuma jin daɗin zama da waɗanda suka girme su. Ko su ɗin ma, sau da yawa ƙara musu littattafai da tatsuniyoyi da haddar Alƙur'ani a gida ya fi tsallake aji amfani.

A karkara kuwa, da unguwannin talakawa, matsalar ita ce akasin wannan: yaro ya kai takwas ko tara bai taka makaranta ba, ko don nisa, ko don kiwo da talla, ko don ana ganin jikinsa ƙarami ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Saboda haka ƙanƙantar jiki a wurinmu ba hujja ce ta ƙanƙantar shekaru ba, kuma yaron da aka jinkirta har ya girmi 'yan ajinsa da shekara uku yakan ji kunya ya daina zuwa tun bai iya karanta wasiƙa ba. Ɗan shekara shida a kai shi makaranta, ko da ba a ga ya cika dukkan sharuɗɗan da na ambata ba, domin a nan gidan ba shi da abin da zai ƙara masa wanda aji ba zai ba shi ba. In kuma an ga yaro ya kai huɗu maganarsa ba ta fita, ko ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, ko yana matso da abu dab da idonsa, to wannan ba maganar aji ba ce, maganar asibiti ce, domin kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa yana rage ji, kuma yara da yawa da aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci ba su jin malam ne kawai.

Da yake shiri ba a wuyan yaro kaɗai yake ba, wajibi ne uba ko uwa su shiga ajin da idonsu kafin su biya kuɗi, kada su tsaya ga ofis da allon bakin ƙofa. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya assasa makarantar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg ya kuma raɗa mata suna a 1840, a kan wasa da waƙa da aikin hannu da shuka ya gina ta. Maria Montessori, likitar da ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a 1907, ta haɗa yara masu shekaru daban-daban a ɗaki ɗaya, kowa yana aiki da kayan da ya zaɓa gwargwadon matakinsa. Yau sunanta yana rubuce a allunan makarantu bila adadin a garuruwanmu, amma ka leƙa ciki ka tarar da yara arba'in a kan benci suna maimaita abin da malama ta faɗa da ƙarfi. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara ashirin da biyar a nazare. A ƙirga kawunan. A duba ko akwai fili da inuwa da ruwan sha da ban-ɗaki mai tsabta, a duba ko malama tana durƙusawa ta yi magana da yaro ko daga tsaye take daka tsawa, a kuma saurara da wane harshe take rarrashin mai kuka. Hukumomi sun yi ta kai da kawo a kan harshen koyarwa, amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci, Turanci kuma aka ba shi gwanin malami a matsayin darasi, ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Makarantar da ke cin tarar ɗan shekara huɗu don ya yi Hausa ta toshe masa hanyar da zai ce bai gane ba.

Saura wanda ya riga ya yi gaggawar, yanzu kuma yana ganin alamun wahala a kan ɗansa. Maimaita aji a nazare ko a aji ɗaya abu ne mai sauƙi in an gwada da maimaita shi a aji biyar, domin ƙaramin yaro bai riga ya ɗauki abin a matsayin abin kunya ba sai in manya sun nuna masa haka. A yi shi a farkon shekarar karatu, kada a bari sai tsakiyar zango. In da hali a haɗa shi da sauyin makaranta ko sauyin malama, don kada ya ga abokansa sun wuce shi a kan idonsa. A hana yayye da 'yan uwa yi masa gori, kada kuma a kira abin faɗuwa a gabansa. Kafin a yanke shawara a zauna da malamar ajin ita kanta, ba shugaban makaranta kaɗai ba, a tambaye ta abubuwa ƙayyadaddu: da wa yake wasa in an fita tara, yana gama aikinsa a aji ko sai an kai gida, yana ɗaga hannu ko sai an kira shi. Sa'an nan a je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a karɓar masa takardar haihuwa da ranarsa ta gaskiya, a ajiye kwafinta a fayil ɗinsa na makaranta, domin da wannan ranar haihuwa za a yi masa rajistar jarrabawar gama sakandare da ta JAMB, kuma gyara shekarun da aka ƙara ko aka rage a ƙuruciya yakan ci rantsuwa a kotu da kuɗi da zirga-zirga mai yawa.